Rakiyar Madugu Sambo

Ku samarin da kuke zama a gindin ɗorawar kasuwar Bebeji kuna kallona ina aski kuna ƙus-ƙus, ina jin ku sarai. Tun da reza ta shigo kanti, kowane yaro da ya yi aji huɗu ya zama wanzami a bakinsa. Wai mene ne a ciki, ka jiƙa kai ka kankare. To ni Tanko aji biyu na yi a elementare kafin a cire ni a ɗora mini zabira. Bokon nawa gurgu ne, amma ya isa in rubuta muku abin da ba ku sani ba. Wanda ya ga kuskure a rubutun ya gyara a ransa, kada ya zo ya faɗa mini.

Kawu Ilu na Kiru shi ya koya mini. Ƙanen uwata ne, wanzami ɗan wanzami. Na daɗe ina rataye da zabirarsa kafin ya bari in taɓa abin da ke ciki, kuma abin da ya fara miƙo mini ba aska ba ce, dutsen washi ne. Damina ta zo ta wuce ina wasa aska. In na gama ya ɗora ta a gashin hannunsa, in ta ja ko yaya sai ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Bayan nan ya riƙa shafa wa duma laka ya ce in aske. Ranar da na karce fatar duman, ba ni ba fura. Sai da na iya wannan sannan na san sauran kayan: babbar aska ta kai, ƙarama ta gyaran fuska, 'yar tsaga, ƙahoni manya da ƙanana, sabulun salo, da guntuwar fatar da ake goge baki a kai. Kowanne da aljihunsa a zabira, kuma dole hannunka ya same shi ido rufe.

Askin suna na farko da na yi, a wani ƙauye ne bayan Kiru. Aka miƙo mini jariri ɗan kwana bakwai, maɗigarsa tana bugawa ƙarƙashin yatsana kamar cikin kwaɗo, fatar kuwa ta fi ganyen albasa laushi. Tsofaffin mata sun kewaye ni, uban yana tsaye a bayana yana numfashi a wuyana. Mai reza a cikinku ya zo ya gwada wannan, sannan mu yi magana.

Amma ba aski ne ke ciyar da wanzami ba, ƙaho ne. Ka wanke wurin, ka kafa ƙahon, ka zuƙa da baki har fata ta taso, ka toshe kansa. In ta kumbura ka cire, ka yi tsaga ƙanana a jere, ka sake kafawa. Masu ciwon baya da masu targaɗe suna zuwa, amma waɗanda suka fi kiranka har gida su ne dattawa masu hali. Maganarsu ɗaya ce duk inda ka je: “Wanzam, jini ya yi mini yawa, ƙeyata kamar an ɗora mini turmi.” Ka kafa musu a ƙeya, su ga baƙin jini a ƙoƙo, su ce alhamdu lillahi. Kafin wata Juma'ar sun sake aikowa.

Kawu Ilu kansa haka ya zama. Da manyan Kiru suka riƙe shi, ya daina bin kasuwanni, ya kafa rumfa a ƙofar gida, ya yi wuya ya yi tumbi. Ni nake kafa masa ƙaho, don abin da ya koya mini ke nan. Wata ranar kasuwa yana tsakiyar yi wa wani mahauci aski, askar ta sulluɓe daga hannunsa. Mutumin da ban taɓa ganin ko sabulu ya faɗi a hannunsa ba. Na duba, bakinsa ya karkace, yana son ya kira sunana ya kasa. Mutane suka ce iska ce ta shafe shi. Aka yi turare, aka yi rubutu. Da abin ya ƙi, muka ɗora shi a kan buhuna a motar gyaɗa zuwa asibitin birni.

A can na gamu da wani malamin asibiti, siriri, mai haƙurin magana. Ya naɗa wa Kawu wani ƙyalle a dantse, ya riƙa matsa 'yar roba yana kallon wani gilashi. Ya ga tabon tsaga a ƙeyar Kawu, ya ce, “Aikin wa ke nan?”

Na ce, “Nawa ne. Jini ya yi masa yawa.”

Ya ce, “Aikin da kyau, amma jininsa bai fi naka yawa ba. Hawa ya yi. Ka san salkar ruwa? In ka zauna a kanta, ruwan ya ƙaru?”

Na ce a'a.

“Amma ɗinkin zai iya fashewa. To nasa ya fashe a cikin kai. Ko za ka kwashe ƙwarya guda ta fata, mai zama a kan salkar yana nan.”

Na ce to wane ne mai zaman? Ya ce ƙiba ce, da gishiri, da maiƙo, da zama wuri ɗaya, wani kuma gado ne ba yadda za a yi. Ya ce dattijon da abin bai riga ya kayar ba, ya riƙa tafiya da ƙafa kullum, ba gudu ba, ba cikin rana tsaka ba, tafiyar da jiki zai ɗumama amma baki bai kasa magana ba. Wanda ya samu hali kuma ya zo a auna shi. Kawu bai sake riƙe aska ba. Ya kwanta har Allah ya karɓi abinsa.

Na koma bin kasuwanni da maganar nan a kaina. Kiru, Bebeji, Tudun Wada, wani lokaci har Burumburum da Doguwa. Sai na fara lura. Tsofaffin Fulanin da nake yi wa aski a rugage, masu bin shanu tun asuba, wuyansu kamar kara, da wuya ka ji ɗayansu ya nemi ƙahon ƙeya. Ban ce ba sa mutuwa ba, suna mutuwa da nasu ciwon. Amma turmin nan na ƙeya, a zaurukan masu hali ya fi zama. Daga nan na daina kafa ƙaho a ƙeyar tsoho. Na baya da na targaɗe ina yi har gobe. Kun ji abin da ya sa wanzaman ƙasar nan suke cewa boko ya ɓata ni, ni da ko takardar kammalawa ba ni da ita.

A cikin shekarun nan na alif ɗari tara da hamsin da gyaɗa ta yi daraja, ni ne wanzamin gidan Madugu Sambo a nan Bebeji. In ba ku san tarihinsa ba, iyayenku sun sani. A ƙuruciyarsa shi yake jan ayarin jakuna zuwa Gwanja a ɗauko goro, tafiyar wata da watanni a ƙasa. Mota ta zo ta kashe wannan sana'a. Babban ɗansa, Alhaji Mamman, ya kama awon gyaɗa ya yi arziki, ya ce wahalar Baba ta ƙare. Ya saya masa kujera mai hannu, ya saya masa doki, ya gina masa masallaci a jikin zaure don kada ya taka zuwa na unguwa. Tuwo da man shanu yana kwance a kai, nama safe da yamma. Ban ce Alhaji mugu ba ne. Son ubansa yake, kuma yana son a ga yana son sa. Gidan kuwa babba ne, 'ya'ya da jikoki da barori, suna ba ya yankewa. Wanzamin da ya riƙe wannan gida ba ya kwana da yunwa.

Wata Juma'a na gama yi wa Madugu aski na fara haɗa kaya. Ya shafa ƙeyarsa ya ce, “Wanzam, yau ba ƙaho? Jiri nake ji in na ɗago daga sujada.”

Na ce, “Ba ƙaho, Baba.” Na kwashe labarin Kawu da salka na faɗa masa, na ce maganin yana ƙafarsa.

Ya yi dariya har da tari. “Ni za ka koya wa tafiya? Na taka Gwanja da ƙafar nan uwarka tana goye.”

“To ina ƙafar take yanzu, Baba?”

Ya dube ta a kan buzu. Ya ce, “Tana nan. Mamman ya ce in aka gan ni a ƙasa cikin gari, za a ce ya kasa riƙe ni.”

Na aika cikin gida a rage masa gishiri da man shanu. Aka aiko mini cewa wanzami ya tsaya a kan kai, ya bar tukunya.

Madugu mutumin da ne. Duk wanda zai bar zaurensa, ko mai tallan itace ne, sai ya dafa hannun kujera kamar zai tashi ya ce, “Bari in taka maka.” Kowa kuma ya san amsar: “A'a Baba, zauna, na yafe.” Ba wanda ya taɓa ba shi wata amsa. Kuma kun san ƙa'idar rakiya: mai rakiya ba ya juyawa da kansa, sai baƙo ya tsaya ya ce a koma haka nan, an gode. Juma'ar da ta biyo, na rataya zabira, ya dafa kujera ya ce, “Bari in taka maka.”

Na ce, “To.”

Wani dattijo da ke gefe ya tsaya da goro a baki. Madugu ya dube ni, na dubi ƙofa. Maganarsa ce ta kama shi, ba ni ba. Ya laluba takalminsa, ya miƙe.

A bakin zaure ya rage tafiya yana jiran sallama. Na ce, “Baba, wai yaya ake ƙetare babban kogi da jaki? Na ji an ce ba ya shiga ruwa.”

Ya ce, “Wa ya faɗa maka? Jaki yana shiga, sai dai ka san wanda za ka fara turawa.” Ya kama labari. Muka wuce masallacin, muka wuce rijiyar unguwa. Muna kaiwa marina ya ja ya tsaya.

“Kai ɗan nan, a Kiru ba a koya muku sallamar mai rakiya ba ne?”

“An koya mana, Baba. Jakin ne bai gama ƙetarewa ba.”

Ya ce, “Ɗan banza,” ya ci gaba.

Kunnena yana kan numfashinsa. Da na ji ya fara yanke magana a tsakiya don ya ja iska, na tsaya na ce, “A koma haka nan, Baba, na gode.” Muka zauna a kan wani kututture ya huta, sannan ni kuma na rako shi gida. Ranar ba mu yi nisa ba, kuma ban so mu yi ba. Wannan ma aiki ne irin na aska. In ka danna da yawa ka yanka, in ka sassauta da yawa ba ka yi komai ba. Tsohon da ya daɗe a kujera, in ka ja shi har tsamiyar bayan gari ranar farko, kai ka kashe shi.

Daga nan na riƙa biyawa gaisuwa da hantsi, ko ba aski. Ya ce zai taka mini, in ce to. Marina ta zama kusa, muka riƙa kaiwa bakin kasuwa, daga baya har tsamiya. Ya gane abin da nake yi tun ranar farko, ba yaro ba ne, amma bai taɓa faɗa ba, ni ma ban faɗa ba. Na san Gwanja kamar na je. Kafin kaka ya daina shafa ƙeya, ya ce yana barci, ya ce sujada ta yi sauƙi. Ban ce na warkar da shi ba. Ba ni da ƙyallen awo, abin da idona ya gani nake faɗa.

Gari kuwa ya ɗauka. Wanzami mara kunya yana jan dattijo a ƙasa kamar akuya. A wurin awo wani abokin hamayyar Alhaji ya ce masa a gaban manoma, “Alhaji, an sayar da dokin Baba ne? Kullum muna ganinsa a ƙasa yana bin mai zabira.” Washegari na iske Alhaji tsaye a ƙofar zaure, ya tare hanya.

“Wanzam, aski aka ɗauke ka ko kiwon ubana?”

“Rakiya yake mini, Alhaji. Shi ya ce zai taka mini.”

“Kai ba ka san abin da ake cewa ba? Ba ka da baki?”

“Ina da shi. Da shi nake gaya maka kujerar nan za ta kashe shi.”

“Likita ne kai?”

“A'a. Amma na ga wanda ta kashe, ni na yi masa wanka.”

Ya ce, “Ni na san abin da ya dace da ubana. Kada in sake ganin ƙafarka a ƙofar nan.”

Na ce masa ƙafar tawa ce, kuma ta saba da hanya.

Wannan ita ce shekarar da ba na son tunawa. Gidan Madugu ba gida ɗaya ba ne. Duk mai cin abinci a awon Alhaji ya janye kansa daga hannuna, da surukai, da maƙwabta. Aka ɗauko wani wanzami mai sanyin baki, mai kafa ƙaho duk inda aka nuna masa, mai cewa zauna Baba tun Baba bai dafa kujera ba. Ruwa kuma ya ɗauke da wuri a daminar, dawa ta yi ƙaranci, mutane suka bar suma a kansu. Na koma bin Tudun Wada da Doguwa ina aske Fulani a ba ni nono da tsakin gero. Na sayar da manyan ƙahonina. Wanzaman da muka yi koyo tare suna ganina su ce, “Likita, ina gajiya?” A cikin haka labari ya iske ni cewa Madugu ya yi haɓo a masallaci, jini ya ɓata masa riga, an kama shi an mayar kujera. Na san abin da ke biye da haɓo da jiri. Ba ni da ƙofar shiga, sai na ci gaba da wasa askata.

Ranar wata kasuwa ina nan gindin ɗorawar nan da kuke damuna, ina yi wa wani mai kaji aski, na ji hayaniyar wajen 'yan hatsi ta ragu. Na ɗaga kai. Madugu ne tafe da sanda, shi kaɗai, a hankali, yana tsayawa yana hutawa. Furfura ta cika masa kai da fuska. Ashe tun bayan haɓon ya hana sabon wanzamin taɓa shi. Ya iso ya tsaya a kaina.

“Wanzam, ba ka ga baƙo ba ne?”

Na shimfiɗa masa buhu, ba ni da abin da ya fi shi. Ya zauna cikin masu jiran layi, na ba shi ruwa, na bari numfashinsa ya dawo sannan na jiƙa kan. Na kai rabi sai ga Alhaji a kan dokin, an kai masa labari a wurin awo. Ya diro, ya durƙusa.

“Haba Baba! A kasuwa? A kan buhu? Me za a ce da ni?”

Madugu bai motsa ba, aska tana kansa. Ya ce, “Ka hana shi zuwa gidanka, gidanka ne. Ban ji ka hana ni zuwa wurinsa ba. Wuyan nan nawa ne, Mamman. Ni zan zaɓi mai ɗora masa aska.”

Alhaji ya dube ni kamar ya haɗiye ni. Na ce, “Alhaji, ka ɗan matsa, kana tare mini haske.” Ya matsa.

Da na gama, Madugu ya shafa kai ya dogara sanda ya miƙe. Alhaji ya jawo dokin ya riƙe masa likkafa.

“Baba, ka hau.”

“Ban gaji ba.”

“Don Allah, Baba.”

“In na gaji zan faɗa.”

Ya kama hanya. Alhaji ya tsaya riƙe da linzami yana duban sirdi, yana duban bayan ubansa. Ɗan halas ba ya hawa doki ubansa yana ƙasa, kuma duk kasuwa tana kallo. Ya tattare babbar rigarsa ya bi shi, yana jan doki, gumi yana bin ninkin ƙeyarsa.

Gidan bai dawo mini ba. An yi suna a can makon jiya, wancan mai sanyin bakin aka kira. Alhaji bai sake amsa gaisuwata ba, ni ma na daina yi. Amma duk ranar kasuwa da hantsi ku dubi hanyar marina, maimakon ku dubi hannuna. Za ku ga tsoho a gaba da sanda, mai awon gyaɗa a bayansa yana haki, da doki mai sirdi ba kowa a kai.